Kafin a Sauke Giyar Tsohuwar Jif: Abin da Za Ka Duba Ɗaya Bayan Ɗaya

Manyan jif ɗin nan da ke yawo a titunan Jos, irin su Land Cruiser da Lexus LX470 da Sequoia da Armada da Tahoe da Expedition, yawancinsu sun haura shekara 15, wasu ma sun ba 20 baya. Injinsu mai silinda takwas yana da jimiri, in dai ana ba shi baƙin mai a kan kari. Abin da ya fi kwantar da su a gareji shi ne kayan da ke tsakanin inji da taya: giya, da ogzilari (akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya), da farfela (doguwar sandar ƙarfe mai juyawa da ke kai ƙarfi ga aksil), da aksil (inda ƙarfin ke rabuwa zuwa tayar hagu da ta dama), da shaf (sandar da ke kai shi ga taya). A nan ne kuma kuɗi ke zurarewa, domin da mota ta yi 'yar fizga ko gurnani, maganar farko da za ka ji ita ce, "Alhaji, giya ce, sai dai a sauke." Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa giyar lafiyarta ƙalau, kwayil (mai ba filogi wuta) ne ko waya ko kuros (gaɓar da ke bakin farfela) na kuɗi kaɗan ya shafa mata kashin kaji. Kuma giya atomatik in aka buɗe ta a ƙasa cikin ƙura ba tare da dalili ba, da wuya ta koma yadda take.

Saboda haka a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada, sauke giya ya zama na ƙarshe.

Da farko ka san irin giyar da ke cikin motarka

Suna ɗaya ba ya nufin giya ɗaya. Land Cruiser da LX470 na 1998 zuwa 2002 suna da giya mai hawa huɗu, daga 2003 kuma aka koma mai hawa biyar. Sequoia ta farko ta zauna kan hawa huɗu daga 2001 zuwa 2004, ta koma biyar a 2005. Tahoe da Suburban da Yukon na farkon shekarun 2000 mafi yawansu suna ɗauke da giyar da ake kira 4L60E. Amfanin sanin wannan shi ne mai. Tsofaffin Toyota masu hawa huɗu suna shan Dexron ko T-IV, gwargwadon shekara, na baya-bayan nan kuma WS. Chevrolet da GMC suna shan Dexron, kuma Dexron VI ya maye gurbin III. Ford na da nata Mercon iri-iri, V da SP da LV, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Nissan na da Matic J da Matic S.

Ka zaro gejin man giya ka karanta jikinsa, sau da yawa an rubuta sunan man a kai. In babu, ka duba littafin motar, ko ka nemo bayanin da lambar shasi. Kada ka yarda da "ai duk ja ne". Jan nan rini ne kawai aka zuba. Abin da ya bambanta mai da mai shi ne kauri da irin santsin da faiba (faya-fayan kulocin da ke cikin giya) ke buƙata don ta kama ba tare da fizga ko zamewa ba. Kuma ka sayi mai a rufe, a wurin wanda za ka iya komawa ka same shi gobe, domin jabun man giya ya yi yawa a kasuwa.

Duba mai

Man giya ba a duba shi kamar baƙin mai. Ka tuƙa motar minti 15 ko 20 ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai (a Jos samun irin wannan wuri ma aiki ne), ka bar inji yana aiki. Ka taka birki, ka zagaya da hannun giya daga P zuwa R da N da D har ƙasa, kana dakatawa kaɗan a kowanne, ka dawo P. Sannan ka zaro geji, ka goge da farin ƙyalle mara gashi, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya a tsakanin alamun HOT.

In ya yi ƙasa, famfon giya na zuƙar iska, sai ka ga mota na jinkirin shiga giya ko tana sakewa a kwana da kan tudu. In ya yi yawa, yana kumfa, kumfa kuwa ba ta matsa faiba. Duk biyun ɓarna ne. Kuma giya ba ta ƙona mai, in ya ragu to wani wuri yake zuba: bakin kasko (farantin da ke rufe ƙasan giya), ko tiyon da ke zuwa lagireto, ko sil (robar hana ɗiga) ɗin baya, ko na gaba da ke tsakanin inji da giya. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da daddare, da safe zai nuna maka wurin.

Yanzu ka ɗiga man a kan farin ƙyallen ka duba shi a rana, ka shinshina. Ja garau ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Ruwan ƙasa amma ba ƙauri, ya tsufa, lokacin canji ya yi. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, wanda in ka murza tsakanin yatsu kake jin ɗan gari-gari, faiba ta fara ci. In kuwa ka ga ya koma kamar shayi da madara, ka kashe motar nan take, kada ka ƙara ko mita ɗaya. Ruwan lagireto ne ya shiga giya. A cikin lagireto akwai wani bututu da man giya ke ratsawa don ya huce, in ya tsage sai ruwa da mai su gauraye, ruwan kuma ya saki gam ɗin da ke riƙe faiba. Nissan Pathfinder na 2005 zuwa 2010 ta yi ƙaurin suna a kan wannan, amma kowace mota mai tsohon lagireto na iya yi, balle wadda aka shekara ana ɗura wa ruwan rijiya tsura. Ka buɗe murfin lagireto in inji ya huce, in ka ga mai na yawo a kan ruwan, magana ta tabbata.

Masu shan WS da wasu na baya-bayan nan ba su da geji ko kaɗan. Ana auna su ta wani noti a ƙasan kasko, mota a ɗage daidai, inji na aiki, man kuma a wani ƙayyadadden ɗumi da kwamfuta ke nunawa. Bakaniken da ya cika irin wannan giya da ido, inji a kashe, kusan kullum mai bai isa ba yake barin ta.

Tuƙin gwaji, kuma kai za ka riƙe sitiyari

Ka fara da safe, mota a sanyi. Ka taka birki ka sa D, ka ƙirga. Bai kamata a wuce daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa biyu ba kafin ka ji ta kama. Ka yi haka da ribas. A sanyin Disamba da Janairu na Jos, ɗan jinkiri a tashin farko ba abin tada hankali ba ne. Amma in sai ka taka totur sannan ta shiga da bugu, kuma in ta yi zafi abin ya tafi, robobin cikin giya sun bushe ko filta ta toshe. In akasin haka ne, lafiya lau da safe, amma bayan rabin awa a cunkoson Terminus ta fara zamewa, wannan ya fi muni: man ya yi ruwa da zafi, ɓarakar ciki ta bayyana.

Sai ka hau hanya mai tsawo, kamar ta Bukuru zuwa Mararabar Jama'a, ka kashe rediyo, ka sa ido kan allurar inji. Ka taka totur a hankali ka ƙirga canjin giya. Abin da kake nema shi ne lokacin da allura ta yi tsalle sama amma gudu bai ƙaru ba. Ka riƙe a ranka tsakanin wace giya da wace abin ya faru, domin wannan bayanin ya fi komai amfani ga bakanike na ƙwarai. A Tahoe da 'yan uwanta masu 4L60E, zamewa daga ta biyu zuwa ta uku, ko ɓacewar ta uku da ta huɗu gaba ɗaya, sanannen ciwo ne na faibar da ke riƙe waɗannan biyun. In kuma aka wayi gari babu ribas, babu ta biyu, babu ta huɗu, wani ƙoƙon ƙarfe ne a ciki ya karye. Waɗannan kam babu makawa sai an buɗe.

Akwai wata karkarwa da ke zuwa tsakanin gudun kilomita 60 da 80, ƙafa na kan totur kaɗan-kaɗan, musamman a ɗan tudu. In ta zo, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, iya abin da zai kunna fitilar birki. Wannan na sa kulocin da ke cikin tok kwanbata (ƙullin da ke haɗa inji da giya, yana miƙa ƙarfi ta hanyar mai) ya saki. In karkarwar ta ɗauke nan take, zargi ya faɗa kan kwanbata ko tsohon mai. Amma kada ka yanke hukunci tukuna, domin kwayil ko filogi mai rauni na yin irin wannan karkarwa a daidai wannan gudu. Expedition da Navigator masu injin 5.4 sun sha jawo wa giyarsu zargi a kan laifin kwayil guda ɗaya.

A sa mata kwamfuta, ka rubuta lambobin da hannunka

Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari. Ka nemi rewaya mai na'urar da ke karanta ɓangaren giya, ba ƙaramar da ke ganin inji kawai ba. Kafin ya goge komai, ka ɗauki hoton abin da ya fito. P0700 ba ya faɗin komai sai cewa giya na da ƙorafi, a duba ciki. P0715 da P0720 na'urorin auna gudu ne na shiga da na fita, sau da yawa a waje suke, noti ɗaya ke riƙe da su. P0741 kulocin kwanbata ne. Daga P0750 zuwa P0770 solonoyid ne (ƙananan bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya a canza giya), waɗanda ake kaiwa gare su ta cire kasko kawai, giya na nan a jikin mota. P0300 zuwa P0308 kuwa inji ne ke tsallake wuta, babu ruwan giya.

Lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta kama ɓarawo. In ta ce solonoyid, a auna wayar da soket ɗin tukuna. Motar da ta daɗe a ajiye, ɓera na cin waya. Motar da ake wanke injinta da ruwan matsi, ruwa na kwana a soket. Batir mai rauni, ko wayar ƙasa da ta yi tsatsa, suna sa giya ta maƙale a hawa ɗaya, yawanci na uku ko na huɗu, mota ta tashi da nauyi kamar an ɗaure ta. Wannan maƙalewar kariya ce birenbos, wato kwamfutar cikin motar, ke yi da gangan, ba mutuwar giya ba ce.

Ga wata da ta shafe mu a Jos musamman. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat (abin da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi) a jefar, wai na ƙasar sanyi ne. To Jos tana bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, kuma da hunturu injin da ba shi da tamostat yana iya yin tafiya mai nisa bai yi zafi ba. Birenbos na Toyota kuwa ba ya barin giya ta hau ta ƙarshe, ko kwanbata ya kulle, sai ruwan inji ya kai wajen digiri 55 zuwa 60. Mai mota ya ga giya ta ƙi hawa da safe, fetur na tafiya, a ce masa giya ta gaji. A mayar da tamostat, magana ta ƙare.

Zafi, da Hawan Kibo

In ka tambaye ni abin da ya fi kashe giyar manyan motocin nan, zan ce zafi. Man giya yana son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 95. In ya riƙa haura 120, yana ƙonewa da sauri, robobi su taurare, faiba ta yi santsi. Mota ce mai nauyin tan biyu da rabi ko fiye, ga mutum takwas, ga buhunan dankali daga Bokkos a baya. Ka ɗora wannan a kan Hawan Kibo da rana tsaka, bayan tirela mai rarrafe, ka ga aikin da kwanbata ke yi.

In kana hawa ka ji giya na kai da komo, ta hau ta sauko ta sake hawa, kai ne za ka tsayar mata da shawara. Ka danna maɓallin O/D ya mutu, ko ka ja hannun giya zuwa 4 ko 3. A Tahoe da Suburban akwai maɓallin jan kaya a ƙarshen hannun giya, amfaninsa ke nan. Ƙarar inji za ta ɗan ƙaru, ba komai, ya fi sauƙi a kan giya. In fitilar A/T OIL TEMP ta kama a Toyota, ka sami wuri mai aminci ka tsaya, ka sa P, ka bar inji yana aiki a hankali har ta mutu. Kada ka kashe injin, domin shi ke zagaya da man zuwa inda zai huce.

A gangare kuma, kada ka kuskura ka sa firi don tsimin mai. Ka sauko da 3 ko 2, inji ya riƙe motar, birki ya huta. Masu sa firi a wannan gangaren da ransu suke caca, ba da giya kaɗai ba.

Wanda ke yawan zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja da kaya, ƙara ƙaramin kula mai sanyaya man giya a gaban lagireto kuɗi ne da ba a yi asararsu ba. A jona shi bayan na cikin lagireto, mai ya ratsa duka biyun. Kuma a duba kulocin fanka, domin in ya mutu, inji da giya tare suke dahuwa a cunkoso.

Cire kasko

In mai ya tsufa ko lambobi sun nuna ciki, mataki na gaba shi ne kaskon ƙasan giya. Ka tsaya a wurin da kanka lokacin da za a sauke shi, kuma ka ce wa yaron gareji kada ya wanke sai ka gani. A ƙasan kaskon akwai ƙananan maganaɗisu. In ka shafa yatsa ka ɗebo baƙin laushi mai santsi, wanda ba ka jin komai a cikinsa, wannan cin yau da kullum ne. In ka ga maganaɗisun sun yi gashi tsaye-tsaye da siraran ƙarfe masu sheƙi, ko ka tsinci ɓarɓashi da farce ke iya ɗauka, boris ko haƙori na ci. Ƙyalli ruwan zinariya a cikin man, bushin ne na tagulla. Baƙin ɓawo-ɓawo da ya taru a kwana, wanda maganaɗisu bai kama ba, faiba ce ta zube. Abin da ke cikin kaskon nan ya fi bakin kowa gaskiya.

In kasko ya fito da tsabta, a sa sabuwar filta, a goge bakin, a mayar. A yi hattara da gam. Yaran gareji na son lafta shi da yawa, abin da ya matso ta ciki kuma ya gutsure ya toshe filta ko balbodi (inda siraran hanyoyin man giya suke). A ɗaure notin a hankali, ana tsallakawa gefe da gefe.

Zubar da mai ta kasko yana fitar da lita 3 zuwa 5 ne kawai, alhali giyar na ɗauke da fiye da lita 10, sauran na cikin kwanbata da kula. A ganina, tsohuwar giya da ba a san tarihinta ba, gara a zubar a cika, a yi tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita, a sake, har sau biyu ko uku, da a tura mata mai da injin matsi lokaci guda. Daga nan a riƙa canzawa duk kilomita 40,000 zuwa 60,000. Maganar da ake yi cewa canza mai na kashe giya, asalinta masu jira ne sai giya ta fara zamewa sannan su canza. Faibar da ta riga ta cinye, sabon mai ba ya dawo da ita.

Ƙarƙashin mota: farfela, kuros, shaf da aksil

Bugun "ƙwal" lokacin da ka sa D ko ribas, ko in ka tsaya cak sannan ka saki birki, mafi yawa ba daga cikin giya yake ba. A kai motar kan rami, a sa wa tayoyi duwatsu gaba da baya, a ja birkin hannu, a sa firi, inji a kashe. Ka kama farfela da hannu biyu kusa da kuros, ka murɗa hagu da dama, ka girgiza sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan a cikin ƙoƙonsa. Ka haska tocila: jan garin tsatsa a bakin ƙoƙon alama ce cewa alluran ciki sun bushe sun niƙe. Irin wannan kuros yana kawo jijjiga a ƙasan kujera da ke ƙaruwa da gudu, kuma in ya tsinke a kan hanya, farfela na iya fasa jikin giya.

Land Cruiser da LX470 da Sequoia suna da nonon giris a kan kuros da kuma inda farfela ke zamewa ciki da waje. Shekaru na wucewa ba wanda ya taɓa su, domin mai canza baƙin mai ba ya kallon wurin. A bai wa kuros giris har sabo ya ɓullo ta ƙoƙo huɗun. Wurin zamewar kuwa 'yan matsa kaɗan sun isa, in aka cika shi dam yana tura giya da aksil. Bugun tsayawa da tashi da ya dami masu Toyota, sau tari a nan yake mutuwa. In za a cire farfela, a yi mata alama da fenti don ta koma yadda ta fito. Kana wurin kuma ka sa a duba sit ɗin inji da na giya, robar da ta tsage na ba da irin wannan bugu.

A gaba, ka duba robobin shaf. In ɗaya ta yage, giris ya fantsama a jikin taya, yashi ya shiga. An kama da wuri, roba da giris ne kawai. An bari har ta fara "ƙas-ƙas-ƙas" a kwana, sai sabon shaf.

Gurnani kuma iri uku ne, kuma ana rikita su. In yana canzawa da irin kwaltar da kake kai, taya ce. In yana ƙaruwa ko raguwa sa'ad da ka karkata sitiyari hagu ko dama a guje, boris ɗin ƙafa ne. In kuwa kuka ne siriri da ke zuwa in ka taka totur ya ɗauke in ka saki, ko akasin haka, aksil ne. A duba mansa. Kullum a fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwancewa. Man ya kai bakin ramin cikawa, kuma yawancin waɗannan motoci 75W-90 ko 80W-90 mai alamar GL-5 suke sha, amma wasu Ford na son wanda ya fi haka kauri a baya, a duba littafi. A saman aksil akwai ɗan bututun shan iska. In laka ta toshe shi, mai na tsartuwa ta sil ya jiƙa birkin baya. Kuma duk wanda ya ratsa ruwa mai zurfi da damina, a hanyar gona ko wani rafi, ya duba man aksil a makon nan. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, a canza.

Ogzilari da taya

Land Cruiser da LX470 tayoyinsu huɗu ke ja kullum, kuma akwai maɓallin kulle tsakiya. Wannan maɓalli, da 4H na motocin da ake sa wa ogzilari da hannu, na laka ne da yashi da burji. A kan busasshiyar kwalta, mota za ta riƙa turjewa a kwana, tayoyi na kuka, ƙarfen ciki na murɗuwa. Mutane da yawa sun kai mota gareji a kan wannan turjiya, ashe yaro ne ya danna maɓalli.

Rashin amfani ma ciwo ne. Ƙaramin injin lantarki da ke sa ogzilari yana ƙagewa in ya shekara bai motsa ba, sai ranar da ka kafe a laka fitila ta yi ta ƙiftawa. Toyota na ba da shawarar a yi tafiyar kilomita 16 da ogzilari kowane wata a motocin da ake sa shi da hannu. Ka nemi hanyar burji ka yi hakan. Shiga 4L kuwa sai mota ta tsaya, giya na firi.

Akwatin ogzilari na da nasa mai dabam, kuma ba iri ɗaya ba ne: na Land Cruiser man aksil ne mai kauri, na Tahoe mai maɓallin AUTO wani shuɗin mai ne na musamman. A Tahoe da Suburban ɗin nan kuma famfon ciki kan goge bangon akwatin har ya huda ɗan rami, mai ya tsiyaye a ɓoye. In ka ga danshi a bayan akwatin, kada ka ɗauke kai.

Tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, cinsu kusan ɗaya, iska daidai. Sayen taya ɗaya-ɗaya ta Beljiyam, wannan dogo wannan gajere, yana sa kayan tsakiya aiki ba hutu. Kuma in mota ta mutu a hanya, kada a ja ta da igiya daga Akwanga zuwa Jos. Inji a kashe, famfon giya ba ya aiki, ciki na juyawa a bushe. A ɗora ta a kan mota, ko a cire farfela gaba da baya.

In ya tabbata sai an sauke

Zaɓi biyu ne: a gyara taka, ko a sayo ta Beljiyam. Gyara na da kyau in akwai mai yin aikin a kan tebur mai tsabta, yana auna tazarar faiba, yana canza robobi duka, ba wanda ya ƙone kaɗai ba. Ka tambaye shi, "Oga, kwanbata fa, me za a yi da shi?" In ya ce a wanke da fetur a mayar, ka nemi wani, domin dattin tsohuwar ɓarna na ɓoye a ciki, ba ya fita da wanki.

In ta Beljiyam ce, ko a Dilimi ko a Gudu ko Apo a Abuja, ka je da bakanikenka da hoton lambar da ke jikin tsohuwar. Shekara ta dace, soket ya dace, kuma ta mai ogzilari dabam take da ta mai jan baya kawai. Ka sa a cire kasko a gabanka kafin ka biya, ka duba maganaɗisu yadda aka faɗa a sama. Ku rubuta kwanakin gwaji a takarda, da sharaɗin musanya, kuma kwanakin su fara daga ranar da aka ɗaura. In aksil za a canza, yawan haƙoran na gaba da na baya dole su zama ɗaya.

Wajen ɗaurawa, a wanke kula da tiyoyinsa sosai, in ruwa ne ya kashe tsohuwar a sa sabon lagireto. A sa sabon sil na gaba tun giya na ƙasa. A tura kwanbata cikin giya ana juya shi har ya zauna ƙarshe, kuma kada a yarda a jawo giya jikin inji da ƙarfin noti, in ta ƙi haɗuwa to kwanbata bai zauna ba, matsawa kuma fasa famfo ne. Bayan an cika mai an goge tsofaffin lambobi, ka tuƙa ta cikin gari har ta yi zafi, a sake auna mai, a leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Sannan, tun kwanakin gwaji ba su ƙare ba, ka ɗora mata kaya ka kai ta tudu mai tsawo, ka dawo a sake sa kwamfuta.